Ilona da Mai Sarƙa

A ɗakin ƙasa na ofishin ƙungiyar direbobi akwai wata ƙofa da ba ta kai mutum ko'ina. Ƙofar gida ce sosai, koriya, da mariƙinta da sarƙarta. Wani kafinta ɗan ƙungiya ne ya ciro ta daga gidan da za a rushe, ya kafa ta a kan katako mai taya, ya yi mata matakala biyu a gaba. Sauran kwanaki tana jingine a lungu tare da kujeru. Ran Asabar ake turo ta tsakiyar ɗaki, Ilona Mazur ta ajiye kofinta, ta zagaya bayanta ta rufe.

Duk wanda ya tashi a gabashin kogi ya san Ilona. In bai hau motarta ba, to ɗansa ya hau. Bas ɗin 'yan makaranta ta tuƙa tun gashinta na baƙi har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kuwa ta wadda ta saba tsawata wa yaran kujerar baya ba tare da ta waiwaya ba. Kakanninta daga Hungary suka zo, mahaifinta a masana'antar gilas ya ƙare rayuwarsa. Ta auri mai gyaran famfo, suka zauna lafiya har ta binne shi, 'ya'yanta biyu kuma aiki ya kai su jihohi masu nisa, sai waya ran Lahadi. Abin da ya rage mata shi ne ƙofar nan, kuma ba ta ɗauke ta da wasa ba.

Makarantar Asabar ake ce wa abin. Ƙungiyoyin ƙwadago na garin ne suka haɗu suka kafa ta, don a daina aron ɗan takara daga unguwar lauyoyi duk lokacin zaɓe. Masu dafa abinci a makarantu, kanikawa, masu goge asibiti, matasa masu haɗa kan 'yan haya, su ake kawowa a koya musu yadda ake neman kujerar kansila ko ta hukumar makarantu. Wasu daga aikin kwana suke zuwa ido jajir, wasu da yaro a hannu, a zaunar da shi a kusurwa da fensir mai launi. Akwai mai koyar da dokokin tsayawa takara, akwai mai koyar da magana a gaban taro. Ilona ba ruwanta da wannan duka. Ita nata ƙofa ne, don a garin nan ba a cin kujerar kansila a talabijin, ƙafa da ƙafa ake cin ta, gida-gida.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Ka ƙwanƙwasa, ka sauko matakala ɗaya, don mai gida ya buɗe ya same ka ƙasa da shi, ba kana hura masa numfashi a fuska ba. Ka faɗi sunanka da aikinka. Ka tambaye shi abin da ke damun sa a layin, sannan ka kame bakinka. In ya gama, ka roƙi ƙuri'arsa baro-baro, ban da kwana-kwana. Kuma ta ƙofar gaba kaɗai. A unguwanninmu ƙofar gefe, wadda ke kan hanyar shigar mota ta ɓulla kicin, ta 'yan gida ce. Ba a ƙwanƙwasa ta, turawa ake yi a shiga. Baƙon da ya bi ta nan da takardar kamfe a hannu ya ci fuskar mutane tun bai buɗe baki ba.

Ranar farko kusan kowa kuskure ɗaya yake yi. Curtis Bledsoe, kaniken bas mai neman kujera a hukumar makarantu, ƙato ne da ya cika ƙofa, amma da aka buɗe masa sai ya langaɓe kai.

"Yi haƙuri, Madam, na dame ki..."

Ƙofa ta rufe garam.

"Curtis," in ji Ilona daga baya, "ka taka mini kare ne?"

"A'a, Mis Ilona."

"Ka fasa mini taga?"

"A'a."

"To haƙurin me kake ba ni? Shekara da shekaru kana kwance ƙarƙashin motocin garin nan, birki bai taɓa tsinke wa ɗan kowa ba, yanzu ka zo kana mini murya kamar mai neman aron tsintsiya. Sauka ka sake!"

Aka yi dariya, har shi Curtis ɗin. Amma dariyar ba ta yi tsawo ba, don kowa a ɗakin ya san shi ma haka zai yi. Mutanen da aka saba ce wa su yi aikinsu kada a ji motsinsu, ba a rana ɗaya suke koyon tsayawa a ƙofar wani su ce ga ni ba.

A bayan ƙofar, Ilona mutane da yawa ce. Wani lokaci uwa ce da jariri a kafaɗa da tukunya a wuta. Wani lokaci mai kare ne, ita ke magana ita ke haushin. Akwai tsohuwa mai daɗin hira da za ta cinye maka rana ɗungurungum sannan ta ce ai ita ba a mazaɓar take zaɓe ba. Duk a ƙofofin gaske ta tsince su. Na ƙarshe, wanda ɗalibai ke jin labarinsa tun kafin su gamu da shi, shi ne Mai Sarƙa. Ba ya cire sarƙa, ta ɗan tsagi yake leƙowa. Sai ya yi wani busasshen tari tukuna, sannan ya ce, "Kowa da takardarsa yake zuwa. Wanda ya ci kuma ko ƙeyarsa ba a sake gani. Na ga irinku, wani har miyar uwata ya sha." Darasin Mai Sarƙa ɗaya ne: ka yi godiya, ka wuce, kada ka ƙona ranarka a kan wanda ba zai taɓa fita zaɓe ba.

Abin da ɗalibai ba su sani ba, Mai Sarƙa yayanta ne, Tibor Kerekes, kuma yana nan da ransa a Titin Larch, a gidan da aka haife su.

A da babu mai son harkar nan kamar Tibor. A bakin tanderun narka gilas yake aiki, can ya samo tarin, amma da ya tashi aiki sai ya wanke fuska ya shiga bin gidaje. Wata shekara wani matashin lauya mai daɗin baki ya fito neman kansila. Ilona ce ta kawo shi gida, ta ƙofar gefe kuwa, mahaifiyarsu ta zuba masa miyar kaza mai paprika, jan barkonon ƙasar kakanninsu, har ya nemi ƙari. Tibor ya bi masa layi-layi har tafin takalminsa ya huje. Lauya ya ci. Da masana'anta ta tashi kwashe injinanta ta bar garin, ma'aikata suka neme shi, ya yi kunnen uwar shegu da su, bayan ɗan lokaci kuma ya koma babban birnin jiha da sabon muƙami. Abu ɗaya ya faru da wa da ƙanwa, amma kowa da abin da ya ɗauka. Ilona ta ce daga yau namu za mu riƙa tsayarwa, ta shiga cikin waɗanda suka kafa makarantar Asabar. Tibor ya ce shi da akwatin zaɓe har abada.

Muddin mahaifiyarsu na raye, suna cacar bakinsu a teburin kicin su ci abinci su tashi. Ranar da aka binne ta ne magana ta yi zafi, kowa ya faɗi abin da ba a faɗa wa ɗan'uwa. Dukansu kuwa taurin kai gado suka yi. Bayan nan Ilona ta kan je, amma sai lokacin zaɓe, da takardar sabon ɗan takara a hannu, ta hau baranda ta ƙwanƙwasa ta sauko matakala ɗaya. A ganinta ai ta je, ta sauke nauyi. Shi kuma ya buɗe iya sarƙa, ya yi tarinsa, ya faɗi nasa, ya rufe. Da abin ya ishe ta sai ta daina.

Kewarsa ba ta daina ba. Tana kewar yayanta ƙwarai, ko da yake da za a tsare ta da bindiga ba za ta amsa ba. Duk safiyar da ƙanƙara ta sauka, hanyarta ta zuwa sayen burodi sai ta karkata ta Titin Larch, ta rage gudu, ta duba. In ta ga matakalarsa a share, to yana nan da ƙafarsa. Sai ta taka mota ta wuce, ran Asabar kuma ta shiga bayan koriyar ƙofa ta yi muryarsa.

Haka ake ciki har Denitra Pettaway ta zo makarantar. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, canjin zanen gado. Doguwa ce mai magana a hankali, ba ta gaggawar komai. Abin da ya fito da ita takara bas ne. An soke bas ɗin yamma da ke ratsa mazaɓarsu, masu irin aikinta suka koma takawa a ƙasa cikin sanyi daga gidan wannan tsoho zuwa na wancan. Ta bi ofisoshi ta gaji, sai ta ce bari ta nemi kujerar da kanta. Ba ta ba kowa haƙuri a ƙofa ba, mai kare bai razana ta ba, tsohuwa mai hira ma ta san yadda ta zame mata cikin ladabi. Ilona ta ji a ranta ta samu ɗaliba, shi ya sa ta ƙara ɗaure mata fuska.

Ranar Mai Sarƙa ta zo. Denitra ta ƙwanƙwasa, ta sauko. Ƙofa ta buɗe iya sarƙa, aka yi tari.

"Sunana Denitra Pettaway, aikina kula da tsofaffi. Ina neman kujerar kansila ta mazaɓar nan."

"Kowa da takardarsa yake zuwa," in ji murya. "Wanda ya ci kuma ko ƙeyarsa ba a sake gani. Na ga irinku, wani har miyar uwata ya sha."

A nan ake godiya a wuce. Denitra ko motsi ba ta yi ba.

"Wannan tarin naka ya daɗe?"

"Ba ruwanki."

"To, shi ke nan. Na ga dai matakalarka tas. Wa ke kwashe maka ƙanƙara?"

Shiru. Ɗalibai suka ɗauka cikin wasan ne. Ilona kuwa tana tsaye a bayan ƙofa, hannunta a kan sarƙa; tambayar da take yi wa kanta ke nan duk hunturu. Can ta cire sarƙar ta fito a matsayin kanta, ta sha toka.

"Me na ce a yi wa wannan mutumin?"

"Kin ce a gode a wuce."

"To?"

"Mis Ilona, wanda ba ya son ganin ka ba ya tasowa daga kujera. Wannan ya taso, ya tako, ya buɗe. Ina da irinsa yanzu haka cikin tsofaffin da nake kula da su, kullum sai ya zage ni tas, ran da na makara kuwa a taga nake samun sa."

"Wancan aikinki ne, wannan zaɓe ne. Mazaɓa guda ke gabanki, rana kuma ba ta jira. Ki tsaya jinyar mutum ɗaya ki faɗi, bas ɗin naki zai dawo da kansa ne?"

"A'a."

"To ki gode ki wuce."

Denitra ta koma kan matakala, ta gode, ta wuce. A ƙa'idar aiki Ilona ce da gaskiya, kowa ya sani, ita ma Denitra ta sani. Amma ranar Ilona ba ta sake shiga bayan ƙofa ba, ta ce gwiwa ke damun ta.

Al'adar makarantar ce, ran da ɗalibi zai fara ƙofofin gaske, malaminsa ke kai shi ya zauna a mota yana kallo. Ranar Denitra ta faɗo wata Asabar a ƙarshen hunturu, rana ta fito amma sauran ƙanƙara na nan a gefen titi ta yi datti. Suka fara daga bakin kogi suna hawa. Ilona na bayan sitiyari da kofi a hannu, damin takardun kamfe a kujerar baya, tana kallon yarinyarta na ƙwanƙwasawa tana saukowa matakala ɗaya. In ta dawo ta ce mata, "Kin cika surutu a gidan can," ko kuwa, "Wancan kin samu, ki koma masa kafin zaɓe." Ta san sarai inda layin zai kai su. Tun da safe take ce wa kanta ai gida ne kamar kowane gida.

Da suka shiga Titin Larch ta tsaya ɗan nesa da farin gida mai baranda.

"Wancan tsallake shi," in ji ta. "Ɓata lokaci ne."

"Kin san shi ne?"

"Na san irinsa."

Denitra ta dube ta, ta dubi gidan, ta ɗauki takarda ɗaya ta fita. Ilona ta buɗe baki za ta kira ta, ta fasa.

Ta gilas ta ga komai. Ƙwanƙwasawa, saukowa, jira. Ƙofa ta buɗe iya sarƙa. Ba ta ga fuskarsa ba, sai farin gashi da hannu a jikin katako. Ta jira a rufe ƙofa, ba a rufe ba. Denitra ta nuna matakala, ta nuna gidan maƙwabta. Hannun nan ya fito ta tsagi ya nuna motar. Kofin Ilona ya huce a hannunta ba ta sani ba.

Denitra ta dawo ta shigo ta rufe, takardarta na hannunta.

"Mis Ilona."

"Na gaya miki ɓata lokaci ne."

"Mis Ilona, Mai Sarƙa ne! Shi ne da kansa, har tarin, har miyar. Saura kaɗan in yi dariya a gaban bawan Allah."

Ilona ta zuba wa sitiyari ido.

"Bai karɓi takarda ba. Ya ce in dawo bayan zaɓe, ko na ci ko na faɗi, sannan zai san ko mutum ce ni. Na ce zan dawo. Ƙanƙara kuma shi ke kwashe abarsa, har da ta matar da ke kusa da shi. Sai ya ce wa ya koya mini saukowa matakala ɗaya. Na ce malamata. Ya ce in gaya wa malamata shi ya koya mata, tun ba ta kai mariƙin ƙofa ba."

"Ƙarya yake," in ji Ilona. "Na kai."

"Ya ce kuma ya san motar nan. Wai duk ran da aka yi ƙanƙara sai ta wuce tana rarrafe kamar motar ɗaukar gawa."

"Yayana ne."

"Ai na gane. Hancinku ɗaya." Denitra ta juyo sosai ta fuskance ta. "Yaushe rabonki da gidan?"

"Ina zuwa mana. Da, duk zaɓe sai na zo."

"Duk zaɓe." Denitra ta waiwaya ta dubi damin takardun da ke baya. "Da waɗancan?"

Ilona ta kau da kai.

"Ta ƙofar gaba? Gidan mahaifiyarki? Haba, Mis Ilona. Ke fa kika ce mana ƙofar gaba ta baƙi ce."

Ɗalibai da yawa sun mayar wa Ilona da magana a tsawon shekarun nan, kuma ba wanda ya sha da daɗi. Wannan karon ta ƙyale. Ta bi ƙofofi a garin nan da ba za su ƙirgu ba, na masu kare da na masu zagi, ba ta taɓa jin tsoro ba, don kullum akwai takarda a hannunta da sunan wani a bakinta. Yau tsoro take ji, irin na yarinya.

Ta zare makulli ta miƙa wa Denitra.

"Sauran layin naki ne. Kada ki cika surutu. Kuma ki roƙi ƙuri'a, gida biyu na ga kin manta."

"To, Mis Ilona."

Ta fita. Da ƙafarta ta nufi baranda don sabo, sai ta karkata ta bi hanyar shigar mota, ta gefen gidan, inda siminti ya tsage tun suna yara. Hannuwanta ba komai, ta rasa yadda za ta yi da su, ta sa a aljihu ta sake fitarwa. Kafin ta kai ƙofar gefe ta ji ƙarar sakata daga ciki, an zare ta. Ba a buɗe ba. Sai takun silifa yana hawa matakalar kicin a hankali, da tari.

Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta sauke. Ƙofar nan tun da can tana cijewa, sai an ɗaga mariƙi sama an tura da gwiwa. Gwiwar ta yi zafi, ƙofa ta buɗe. Ƙamshin albasa da paprika ya tarye ta.

Tibor na tsaye a gaban murhu, ya ba ta baya, yana juya tukunya. Ya rame, ya ranƙwafa, rigar sanyin mahaifinsu ce a jikinsa.

"Rufe ƙofa, Ilka, sanyi na shigowa," in ji shi. Rabon da wani ya kira ta da sunan nan tun ranar jana'iza.

Ta rufe. Ya ɗan juyo, bai dubi fuskarta ba, hannuwanta ya duba.

"Takardar fa?"

Ta buɗe masa tafukanta biyu.

Ya daɗe yana kallon su. Sannan ya yi tari, ya miƙa hannu kan kantar kwanuka, ya sauko da kwano na biyu.